Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Gwajin Sabuwar Manhaja da Haruffan Kwarin Komadugu

Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce uwar ɗakin sauran manhajoji. Ita ke tayar da na'urar idan an kunna ta, ita ke karɓar abin da yatsa ya danna ta mai da shi harafi a kan allo, ita ke adana takardu ta kuma miƙa su ga injin bugawa. Windows ta kamfanin Microsoft, da Linux, da Android ta wayoyin hannu, duk irin wannan manhaja ce. Kafin a saki sabuwa a kasuwa, al'adar masu sana'ar ita ce su fitar da samfurin gwaji, wanda suke kira beta, su ba wasu mutane su yi aiki da shi, su kawo rahoton duk inda ya yi tuntuɓe. Abin da masu gwaji suka gani shi ake gyarawa. Abin da ya kuɓuce musu kuwa, haka yake shiga kasuwa, ya zauna shekara da shekaru.

Saboda haka lokacin gwaji lokaci ne mai nauyi ga duk harshen da ke son na'ura ta san da shi. Wannan maƙala ta waiwayi wani gwaji da aka yi a wata makarantar firamare ta Najeriya a shekarar 2007, da abin da ya gabace shi, da abin da ya biyo bayansa, domin a ga yadda lamarin ya shafi malamin da ke koyarwa a Diffa ko Maine-Soroa ko N'Guigmi, wanda aikinsa na kullum ya rataya a kan wasu haruffa ƙalilan da na'ura ta daɗe ba ta san da zamansu ba.

Kwari mai tsohon alƙalami

Kogin Komadugu Yobe yana samun ruwansa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda suka taso daga ƙasar Kano da tuddan Jos. Yana ratsa Gashuwa da Gaidam, sa'an nan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150, ya bi ta gefen garin Diffa, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso. A bakinsa ake noman tattasan nan da ya yi suna har kasuwannin Najeriya. A wannan kwari ne kuma, kusa da Gaidam, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, wanda ya zama fadar daular Borno har zuwa 1808. Malaman Borno sun yi fice wajen rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma sukan sanya fassarar kalmomi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan rubuce-rubuce da masanin nan A. D. H. Bivar ya ɗauki hotonsu a ƙarshen shekarun 1950 yana ɗauke da shekarar 1669. Ke nan mutanen wannan ƙasa sun shafe ƙarnoni suna lanƙwasa haruffan wani harshe domin su ɗauki sautukan nasu.

Da boko ya zo sai aka sake wannan aiki daga fari. A shekarun 1930, hukumar fassara da talifi ta Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ta tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, su suka yaɗa su. Taron da UNESCO ta kira a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris na 1966 ya duba abjadin harsuna shida na Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausa da Kanuri da Fulatanci. A 1975 hukumar harshen Kanuri ta Maiduguri ta amince da daidaitacciyar ƙa'idar rubutunta. A Nijar kuma, a watan Oktoba na 1999, ma'aikatar ilimi ta fitar da dokokin da suka tsayar da ƙa'idojin rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri. A Hausar Nijar an ƙara harafi na huɗu mai ƙugiya, wato ƴ. A Kanurin Nijar akwai ǝ, wasalin nan mai kama da e da aka kifar, da kuma ɍ mai sanda a gicciye.

Ta haka kogin da makiyayi ke ƙetarewa da ƙafa a lokacin rani ya zama iyakar ƙa'idoji biyu. Yaron Damasak yana rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, takwaransa na Diffa yana rubuta ƴaƴa da ƙugiya. Kwamfutar da ta fito daga Yamai tana zuwa da madannai bisa jerin Faransanci, mai farawa da AZERTY, wadda ta fito daga Kano ko Maiduguri kuma tana zuwa da jerin Ingilishi, mai farawa da QWERTY. Duka biyun babu ƙugiya ko ɗaya a kansu.

Na'urar da ba ta san ƙugiya ba

A zamanin tafireta, magatakarda yakan buga takarda tukuna, sa'an nan ya bi ta da biro yana ɗora wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Idan ya tsallake wata, mai karatu ne zai raba baki da baƙi, ko fada da faɗa, ko kaya da ƙaya. Babba yakan gane daga ma'anar jumla. Yaron da ke koyon karatu a aji ɗaya kuwa ba shi da wannan gata, domin shi harafin da ya gani shi zai furta.

Kwamfuta ba ta zo da sauƙi nan da nan ba. Ita na'ura ba ta san harafi ba sai da lamba. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 yana da gurabe 128 ne kawai, daidai buƙatar Ingilishi. Daga baya aka faɗaɗa guraben zuwa 256 domin harsunan Yammacin Turai, sai é da ç da à suka samu shiga. Faransanci ya haye, Hausa da Kanuri suka tsaya a bakin gaɓa. Dabarar da masu buga littattafai suka yi ita ce ƙera zubin haruffa na musamman, inda za a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba a zana ƙ ko ǝ a wurin. Takardar takan fito da kyau a kwamfutar da aka rubuta ta. Da zarar an kai ta wata kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai rubutun ya rikiɗe ya koma alamomi marasa kan gado.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya zo da maganin wannan ciwo, domin manufarsa ita ce kowane harafi na duniya ya samu lambarsa ta dindindin. Haruffan Hausa masu ƙugiya da ǝ na Kanuri sun samu tasu tun farkon shekarun 1990. Amma ɍ bai samu lamba ba sai a fitowa ta 5.0 a shekarar 2006, wato shekara bakwai bayan dokar 1999. A tsawon wannan lokaci, harafin da gwamnati ta hukunta a koyar da shi a makarantun Diffa ba shi da gurbi a ma'aunin da kwamfutocin duniya ke bi.

Har ila yau, lamba kaɗai ba ta wadatar. Harafi yana buƙatar abu uku kafin ya zauna daram: lambar da za ta tsaya masa, da zanen da zai bayyana shi, da madannin da zai kira shi. Babbar manhaja ce ke haɗa ukun nan. A Windows XP ta 2001, wadda ta daɗe tana mulkin ofisoshi, sanannun zubi irin su Times New Roman da Arial ba su da haruffa masu ƙugiya, sai ɗan akwati fanko ya bayyana a madadinsu. Masu aikin harshe sukan nemi zubin Doulos ko Charis na ƙungiyar SIL, su haɗa da manhajar Keyman domin tsara madannai. Ko ƙamus-ƙamus na Hausa da Kanuri da shirin Soutéba ya buga domin makarantun Nijar a shekarun 2000, sai da aka mai da haruffansu zuwa Unicode kafin masana na Nijar da Faransa su iya ɗora su a intanet a ƙarƙashin shirin DiLAF.

Su wa ake kira zauren gwaji?

Al'adar buɗe gwaji ga jama'a ta samu babban misalinta ne a ranar 25 ga Agusta na 1991, lokacin da wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata babbar manhaja, ya kuma nemi a gaya masa abin da ake so a ciki. A watan Satumba ya saki samfuri mai lamba 0.01, lambar da ita kanta take shaida cewa aikin ɗanye ne. Masu sha'awa daga ƙasashe da dama suka yi ta gwadawa suna gyarawa, har Linux ta kai lamba 1.0 a watan Maris na 1994. Manyan kamfanoni ma sun bi wannan hanya. Microsoft ya buɗe gwajin Windows Vista ga jama'a a 2006, ya kuma buɗe na Windows 7 a watan Janairu na 2009, inda cunkoson masu nema ya sa ya ɗage iyakar mutum miliyan 2.5 da ya sanya tun farko.

A baki, ƙofar a buɗe take ga kowa. A aikace kuwa, mai shiga sai ya mallaki wutar lantarki tsayayya, da kwamfutar da zai iya sadaukarwa ko da za ta rikice, da layin intanet mai ƙarfi. Samfurin gwajin Windows 7 ya haura gigabait 2. A layin tarho mai gudun kilobit 56, sauke shi zai ci kusan kwana huɗu ba tare da yankewa ba. A wannan shekara masu amfani da intanet a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, garin Diffa kuma yana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai. Manomin tattasai na bakin Komadugu yakan gwada sabon iri a ɗan fangali kafin ya cika gonarsa da shi, domin ya san ƙasarsa da ruwansa. Ita kuwa manhajar da za a yi aiki da ita a ofishin da ke kusa da gonarsa, a wata ƙasa da wani ruwa ake gwada ta.

Galadima, 2007

Wani shiri ya yi niyyar juya wannan tsari, ya kai gwajin wurin waɗanda ba a saba kira ba. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya ƙaddamar da shirin OLPC, wato kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, bisa burin sayar da kowace a dala 100. A watan Nuwamba na shekarar, shi da Kofi Annan suka nuna samfurin farko a taron duniya kan sadarwa a Tunis. Gwamnatin Olusegun Obasanjo tana cikin na farko da suka nuna sha'awa, har aka yi ta zancen kwamfuta miliyan 1.

A watan Maris na 2007 aka kai kwamfutocin gwaji, masu suna XO, wata makarantar firamare ta gwamnati a Galadima, a gefen Abuja, inda yara kimanin 300 suka karɓa. Sunan unguwar ba baƙo ba ne ga mutumin Manga, domin Galadima sarauta ce da ta samo asali daga Borno, mai riƙe da ita kuma a da a Nguru yake zaune, a kan ruwayen da ke ciyar da Komadugu. Na'urar da yaran suka riƙa ba ta kammalu ba, haka ma manhajarta. An gina ta ne a kan Linux, aka yi mata sabuwar fuska mai suna Sugar, a ƙarƙashin jagorancin Walter Bender. Maimakon tsarin ofis na jakunkuna da fayiloli, yaro yakan ga alamar kansa a tsakiyar allo, ayyukansa suna kewaye da shi, akwai kuma wani kundi da ke adana duk abin da ya yi ba sai ya ce a adana ba. Kwamfutocin suna iya magana da junansu ba tare da intanet ba. Allon kuma ana iya karanta shi a tsakar rana, abin da duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙarƙashin rumfar zana zai san darajarsa. Mafi muhimmanci ga wannan tarihi, madannan da aka tsara wa Najeriya suna ɗauke da haruffan Hausa masu ƙugiya tare da na Yarabanci da Ibo.

Gwajin ya yi aikin da ake son gwaji ya yi, wato ya tona abin da ba a hango ba. An ga yara sun iya sarrafa na'urar cikin hanzari, wasunsu har suka buɗe abin da suka kira asibitin kwamfuta suna gyara waɗanda suka lalace. An ga cewa samar da wuta da layin intanet a makarantar nauyi ne na daban wanda farashin na'urar bai ƙunsa ba. A watan Yuli na 2007 kamfanin dillancin labarai na Najeriya ya ba da rahoton cewa wasu yara sun shiga shafukan batsa, abin da ya tilasta sanya matattara. Lokacin da aka fara ƙera XO da yawa a watan Nuwamba, an riga an ƙara wa injinta ƙarfi, farashinta kuma ya kai dala 188.

Shari'a da ciniki

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa sakamakon gwaji ba ya tafiya da ƙafarsa. Gwamnati ta canza a watan Mayu na 2007. Sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya nuna shakkarsa a kan raba kwamfuta ga yaran da ba su da kujerun zama. A watan Nuwamba wani kamfani mai suna Lancor ya kai OLPC ƙara a babbar kotun tarayya ta Legas, yana zargin cewa an kwaikwayi madannansa masu suna Konyin, waɗanda ya ƙera domin harsunan Najeriya, yana kuma neman diyyar dala miliyan 20. OLPC ta musanta zargin, amma kotu ta dakatar da rarraba na'urar. Wato ɓangaren da ya fi kowane amfani ga mai rubuta Hausa, shi ne ya zama abin jayayya.

A daidai wannan lokaci wata rigimar ta tashi. Kamfanin Mandriva na Faransa ya sanar da cinikin kwamfutoci 17,000 ƙirar Classmate ta Intel domin makarantun Najeriya, ɗauke da nasa Linux. A ƙarshen Oktoba shugabansa, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa an shirya goge Linux a ɗora Windows. A duk wannan ja-in-ja ta kamfanoni da ministoci da lauyoyi, muryar malamin aji ita ce mafi ƙaranci.

Gwajin Galadima bai zama shirin ƙasa ba. Ƙasar Urugwai kuwa, wadda ta fara nata gwajin da irin wannan na'ura a ƙauyen Villa Cardal a watan Mayu na 2007, ta riga ta kafa shirin Ceibal domin ya tattara darussan, ya horar da malamai, ya kula da gyara, kuma zuwa 2009 kowane ɗalibin firamaren gwamnati ya samu tasa. A Peru, inda aka raba na'urorin da yawa a karkara, binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi da harshe ba. Na'ura ɗaya ce, manhaja ɗaya ce, bambancin yana wurin waɗanda suka karɓi rahoton gwajin da abin da suka yi da shi.

Hausa ta shiga, amma wace Hausa?

Duk da haka shekarun ba su tafi a banza ba. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft na Najeriya ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarabanci da Ibo. A ƙarshen shekarun Microsoft ya fitar da fassarar fuskar Windows Vista da waɗannan harsuna uku. Daga Vista zuwa gaba sanannun zubin haruffa suka samu ƙugiya. Windows 7, wadda ta shiga kasuwa ranar 22 ga Oktoba na 2009, ta zo da tsarin madannai na Hausa da kuma zubin Ebrima da aka zana domin harsunan Afirka. Ɗan akwatin nan fanko ya fara ɓacewa.

Sai dai mai duban lamarin daga arewacin kogi zai lura da abu biyu. Na farko, Hausar da aka fassara an yi mata rajista ne a matsayin Hausar Najeriya, an kuma gina ta a kan Windows ta Ingilishi, alhali kwamfutocin ofisoshin Nijar da Faransanci suke aiki. Na biyu, Kanuri, harshen gida na mafi yawan mutanen kwarin, bai samu irin wannan fassara ba, balle Tubanci ko Budumanci. Waɗanda suka zauna a teburin aikin sun kai buƙatunsu an biya musu. Buƙatun da babu wanda ya kai, suna nan inda suke.

Wayar hannu ta rage wannan giɓi. Android, wadda ta fito a 2008, ta zama babbar manhajar da galibin mutane ke riƙe da ita a tafin hannu, madannanta kuma zane ne a kan allo, ana iya canza su ba tare da an sayi sabon ƙarfe ba. Manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa a 2013, ta karɓi Kanuri a 2024. Amma ko a waya, da yawa daga masu rubutu sun saba da barin ƙugiya, domin shekarun da na'ura ta yi ba ta da ita sun haifar da ɗabi'ar da ba ta gushe ba.

Wani gwajin na cikin gida

Malaman Nijar sun san kalmar gwaji tun kafin kwamfuta. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Kanuri. Kimantawar da aka yi ta nuna cewa yaran waɗannan makarantu sun fi saurin kama karatu. Amma sun shekara fiye da 20 suna amsa sunan gwaji, adadinsu bai wuce ƴan gommai ba, har dokar ilimi ta 1 ga Yuni na 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Ɗaya daga cikin abin da ya riƙe su shi ne ƙarancin littattafai, shi kuma littafi ba ya samuwa sai da na'urar da ta san haruffansa.

A jihar Diffa wannan buƙata ta ƙara tsanani. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu na 2015, makarantu fiye da 150 suka rufe a wannan shekara, dubban yara suka koma karatu a sansanonin da ke gefen babbar hanyar ƙasa. A irin wannan hali, malamin da zai iya tsara darasi da harshen yaro ya buga shi a nan garin, ya fi wanda zai jira littafi daga Yamai. Sa'an nan a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ya kuma lissafa Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Budumanci da Larabci cikin harsunan da ake magana da su a Nijar. Wannan ya ɗora wa Hausa nauyin takardun hukuma da za a rubuta bisa ƙa'ida. Ya kuma ɗora wa masu kishin sauran harsunan kwarin nauyin tabbatar da cewa haruffansu ba su faɗi daga na'ura ba.

Kammalawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke zaune a Amurka ba zai gane cewa ƴ ya ɓace daga madannai ba, ko cewa manhaja ta jera ƙ a bayan z cikin sunayen ɗalibai, ko cewa babban harafin ǝ ya fito a karkace saboda an rikita shi da wani mai kama da shi. Malamin Diffa zai gani a minti ɗaya. Abin da ya hana shi magana a 2009, wato layi da wuta da nisa, ya ragu ƙwarai. Microsoft yana da shirin gwaji na dindindin tun 2014, Android tana fitar da samfurin gwaji kowace shekara, ire-iren Linux kuma ƙofarsu a buɗe take ga mai fassara da mai kawo gyara. Ma'ajiyar bayanan harsuna ta Unicode, wadda manyan manhajoji ke ɗibar sunayen ranaku da watanni da jerin haruffa daga cikinta, tana da sashe na Hausar Nijar, tana kuma karɓar gyara.

Aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar malamai ko ta raya al'adu ba, musamman ga garin da ke da jami'a tun 2014. Ana iya tsara shafi guda mai ɗauke da dukan haruffan Hausa da Kanuri da Fulatanci, manya da ƙanana, a riƙa gwada shi a duk sabuwar manhajar da ta fito: a rubuta, a jera, a nema, a buga, a aika wata na'urar a ga ko ya isa lafiya. Abin da ya karye a rubuta shi a aika inda ake karɓa. Ana iya yarda da tsarin madannai guda domin makarantun jihar, a kuma mai da tsofaffin takardun da aka rubuta da zubi na musamman zuwa Unicode tun kafin kwamfutocin da ke iya karanta su su mutu. Hukumar Unicode ba ta karɓar harafi sai an rubuto mata buƙata, an haɗa da shaida daga littattafan da aka buga. Ta wannan ƙofa ɍ na Kanuri ya shiga a 2006, bayan wasu sun zauna sun tattara shafukan da ke ɗauke da shi.